Ƙaurar filutoniyam da ragowar tsagewar zarra a cikin makamashin MOX

MOX makamashin nukiliya ne da ake yi ta hanyar gauraya garin yuraniyam da na filutoniyam, kowannensu haɗe da oksijin, a matse shi a gasa ya zama ƙananan ƙwayoyi waɗanda faɗinsu bai kai santimita ɗaya ba, sannan a jera su cikin dogon bututun ƙarfe. Masana'antar Melox da ke Marcoule a Faransa tana yin sa tun 1995. Tukunyar nukiliya ita ce na'urar da ake tsage zarra (atom) a cikinta don samar da zafi. A tukwanen da ake sanyayawa da ruwa, filutoniyam ba ya cika wuce kashi 10 cikin ɗari, amma a tukwane masu saurin nutiron (ɗan ɓurɓushin da ke tsage zarra), irin su Joyo ta Japan da Phénix ta Faransa wadda aka riga aka rufe, yakan kai kashi 20 zuwa 30.

Ƙwayar ba ta zama yadda aka ƙera ta, kuma zafi ne sanadi. A tukunya mai sauri, tsakiyarta na iya wuce digiri 2000 a ma'aunin Salshiyas, alhali gefenta, wanda bai fi 'yan milimita nesa ba, ya gaza rabin haka. Ƙananan ramukan da gasawar ta bari sukan yi tafiya zuwa tsakiya, domin sinadari yana tururi daga bangonsu mai zafi ya sauka a mai sanyi, har su haɗu su bar kogo a cibiyar ƙwayar. Idan oksijin da ke cikin ƙwayar ya kusa cika adadinsa, wato zarra biyu ga kowace zarrar yuraniyam ko filutoniyam, yuraniyam ne ya fi saurin tashi da tururi, sai filutoniyam ya taru a bakin kogon. Wannan ne ya fi damun injiniyoyi, domin wurin da ya fi zafi shi ne kuma ya ƙara samun abin tsagewa, ga shi ya fi kusa da narkewa.

Ragowar tsagewar kuwa, wato sinadaran da zarra ke bari bayan ta tsage, kowanne da hanyarsa. Siziyam da aidin da teluriyam suna gudun zafi su maƙale tsakanin ƙwaya da bututu, inda sukan ci ƙarfen daga ciki. Iskar zenon da kirifton tana yin kumfa ta kumbura ƙwayar, ko ta tsere zuwa sararin da aka bari a ƙarshen bututun. Molibdinam da ruteniyam da faladiyam sukan dunƙule su zama fararen ɗige-ɗige masu ƙyalli, waɗanda ake gani da madubin ƙara girma idan an yanka ƙwayar a ɗakin gwaji mai kaurin bango. Neyodimiyam dai kusan ba ya motsi, shi ya sa ake auna shi don sanin yawan makamashin da ya ƙone.