Nok sensa: laifukan layinta da yadda ake gano su

Nok sensa ƙaramar na'ura ce da ake ɗaurewa a jikin bulok ɗin injin fetur domin ta ji girgizar da ke tashi idan mai ya ƙone ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda. Tana mayar da girgizar zuwa 'yar wuta, ta aika wa kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira biren bos. Layinta ya ƙunshi ita kanta, da soket, da waya ɗaya ko biyu masu rigar kariya, da ƙafar da suka shiga a biren bos. Lambar laifin da sikana, wato na'urar karanta laifukan mota, ke nunawa tana nufin wannan layin dukansa, shi ya sa sauya na'urar kafin a gwada waya yakan zama asarar kuɗi.

Ƙarar da take saurare

A daidai aiki, fulogi ne ke kunna mai, wutar ta bazu a hankali har ta cinye shi. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar man da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa. Wannan ne ke ba da ƙarar da direba ke ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawa ko da lodi. Ba shi ne bugawar inji ba, amma idan ya daɗe yana cinye kan fistin, ya karya ringi, ya ƙona gaskit. Da biren bos ta sami saƙon, sai ta jinkirta taimin, wato lokacin da fulogi ke kunna mai, da 'yan digiri, in ƙarar ta lafa ta dawo da shi sannu a hankali.

Tarihi

Na'urar ta dogara da abin da 'yan'uwa biyu, Pierre da Jacques Curie, suka gano a Faransa a 1880: wasu duwatsu suna fitar da wuta idan aka matse su. Ita kuwa matsalar ƙarar ta girmi maganinta da shekaru masu yawa. Da farko ta ɓangaren mai aka tunkare ta. A 1921 Thomas Midgley, yana aiki da General Motors a Amurka, ya gano cewa sinadarin dalma a cikin fetur yana hana ta. Wajen 1926 ko 1927 Graham Edgar ya kawo ma'aunin oktan da ake auna juriyar fetur da shi har yau. Dalmar ta zama guba ga mutane, ƙasashe suka yi ta haramta ta, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021.

Kafin zuwan kwamfuta, bakanike ne ke saita taimin da hannu a kan disturbuta mai raba wa fulogi wuta, yana barin tazara domin gudun mugun mai. Ana yawan ambaton injin Buick mai turbo na wajen 1978 a cikin na farko da suka fito da na'urar jin ƙarar, sai Saab a farkon shekarun 1980. Lambobin laifi na bai ɗaya sun zo ne da tsarin OBD-II na binciken laifin mota, wanda ya zama dole a Amurka daga motocin 1996.

Iri-iri

Iri biyu ne. Tsohon samfuri mai waya ɗaya ne, ana murɗa shi kai tsaye cikin bulok, kuma an ƙera shi ya ji zango ɗaya na girgiza, galibi tsakanin kilohaz 6 da 8. Sabon kuwa zagaye ne mai huda a tsakiya da noti ke ratsawa, yana jin zango mai faɗi, biren bos ce ke tace abin da take so. Ba a musanya ɗaya da ɗaya.

Alamomi da lambobi

Fitilar cek injin takan kama, mota ta yi nauyi, ta ƙara shan mai, domin biren bos da ta daina jin na'urar sai ta ja taimin baya don kare inji. A wasu motocin Toyota da Lexus masu injin 1MZ-FE, kamar Sienna da RX300, giyar ƙarshe takan ƙi shiga, har a ɗora laifin a kan giyabos.

Wasu injina nok sensa biyu gare su. P0325 laifin layin na'ura ta ɗaya ne, P0326 saƙon da ya saɓa wa abin da ake tsammani, P0327 wuta ta yi ƙasa, P0328 ta yi sama, P0329 laifi mai zuwa yana tafiya. Daga P0330 zuwa P0334 haka suke ga ta biyu. A tsofaffin Volkswagen irin Golf da Sharan, lambar ita ce 00524.

Bincike

Ana farawa da karanta dukan lambobin tare da bayanan da biren bos ta ajiye lokacin da laifin ya faru: gudun inji da zafin ruwa. Idan akwai lambar fulogi ko ta ƙarancin mai, su ake fara gyarawa. Sannan a saurari inji. Bawul mai sako-sako, ko biyarin da ya ci, ko ƙarfen da notinsa ya kwance kusa da na'urar, duk suna iya haifar da P0326 ko P0328 alhali layin lafiya lau yake.

Daga nan sai duban ido. A bi wayar daga soket zuwa inda ta shige damin wayoyi, ana neman inda zafi ya busar da roba, ko inda ta goga da ƙarfe, ko tsatsa mai kore a bakin soket.

Gwajin na'urar ana yin sa ne da makulli a kashe, soket a cire, mita a kan om, wato ma'aunin yadda abu ke tare wuta. Adadin ya danganta da kamfani, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Zagayen samfurin Toyota yana ba da kilo-om 120 zuwa 280 idan inji ya huce. Na Nissan da yawa 500 zuwa 620. Tsohon samfurin Toyota mai waya ɗaya kuwa bai kamata ya nuna haɗi tsakanin ƙafarsa da jikinsa ba. Wanda bai san wannan ba zai jefar da lafiyayyar na'ura. Bayan haka a mayar da mita kan ƙaramar wutar AC, a ɗan ƙwanƙwasa bulok kusa da ita da sifana. Ya kamata lambar mita ta motsa. Ba a dukan na'urar kanta, tangaran ɗin cikinta yana tsagewa.

Sai ɓangaren mota. A Toyota mai zagayen samfuri, idan aka kunna makulli soket na cire, ana samun volt 4.5 zuwa 5.5 tsakanin ƙafafun biyu. In babu, a cire batir, a cire soket ɗin biren bos, a auna kowace waya daga baki zuwa baki: ƙasa da om 1 ake so. A kuma tabbatar ba ta taɓa jikin mota ko 'yar'uwarta ba. Ana girgiza wayar yayin awon, ta haka ake kama laifi mai zuwa yana tafiya. Rigar kariyar tana da muhimmanci: saƙon ƙarami ne ƙwarai, idan aka yanke aka haɗa da waya ta gama-gari, ko aka bi da ita kusa da kwail, hayaniyar wuta za ta shiga.

A injin V6, mai silinda shida a jeri biyu, mai na'ura biyu, akwai gwaji mai sauƙi. A musanya wayoyin biyu a soket ɗin da ke waje, a goge lambar, a tuƙa. Idan P0325 ta koma P0330, laifin yana can ciki, a na'urar ko gajeriyar wayarta. Idan ba ta sauya ba, yana tsakanin soket da biren bos. Lalacewar biren bos kanta ba ta cika faruwa ba, ita ce ta ƙarshe a zargi.

Ɗaurewa

Mazaunin ya zama fes, ba a sa washa ko gam. Zagayen samfuri yawanci da ƙarfin murɗa na Nm 20 ake ɗaure shi, da sifana mai ma'auni. In ya yi sako-sako ba ya ji, in ya yi tsauri yana kawo saƙon ƙarya ko ya fashe. A 1MZ-FE na'urorin biyu suna ƙarƙashin manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji, don haka tunda an buɗe, ya kamata a sauya duka biyun da gajeriyar wayar da gaskit lokaci guda.

A Kebbi

Zafin Maris da Afrilu a Birnin Kebbi da Argungu yakan wuce digiri 40, kuma iska mai zafi tana ƙara saurin ƙarar. Motocin haya na hanyar Jega zuwa Yawuri, masu ɗaukar fasinja da buhunan shinkafa, sun fi buƙatar na'urar da ke aiki. Fetur ɗin bumburutu da aka gauraya da kananzir yana sauke oktan, sai a ji ƙara ta gaske, wadda maganinta mai ne mai kyau da duba lagireto da fanka. Motar da ke kwana kusa da rumbu ko shagon hatsi kuwa ɓeraye kan shige ƙarƙashin manifol su ci wayar. Wanke inji da ruwa mai ƙarfi shi ma yana tara ruwa a kwarin V6.

Saɓani

Wasu masu gyaran waya suna haɗa na'ura ɗaya ta ciyar da layi biyu, ko su ɗaura sabuwa a saman inji don gudun cire manifol. Fitilar takan mutu, amma silindojin da ke nesa sun rasa mai gadi. Akwai kuma saɓani kan wacce ta fi tsakanin 'yar Kwatano ta asali da sabuwa mai araha. Da yawa sun fi yarda da ta asalin idan ta ci gwajin mita.