Bourvil, baƙauyen da ya riƙe Faransa da dariya

Wane ne Bourvil?

Mawaƙi ne kuma ɗan wasan fim na Faransa. Sunansa na yanka André Raimbourg. An haife shi a 1917 a yankin Normandi, ya tashi a ƙauyen Bourville, kuma daga nan laƙabin ya fito. Kafin duniya ta san shi, yaron gidan burodi ne mai sha'awar busa ƙaho.

Da waƙa ya fara ko da fim?

Da waƙa. Yakan hau dandamali da 'yar kwat da ta matse shi, gashi ya sauko goshi, yana waƙa yana kame-kame kamar wanda aka sauke a tasha yau. Waƙarsa Les Crayons ta 1945 ita ta fito da shi, daga nan masu shirya fim suka fara nemansa.

To ashe kullum wawa yake fitowa?

Haka da yawa suka ɗauka, amma wautar tasa ba ta raini ba ce. Mutumin kirki yake fitowa, wanda ake cuta amma a ƙarshe macucin ne ke jin kunya. Dubi fim ɗin Le Corniaud na 1965: ɗan wasan barkwanci Louis de Funès ya banke 'yar motar Bourvil da ƙatuwar Rolls-Royce, motar ta wargaje gaba ɗaya, ƙofa nan, fitila can. Bourvil ya fito riƙe da sitiyari kawai, ya ce ai yanzu kam ba za ta yi gudu kamar da ba. De Funès wuta ne, shi kuwa ruwan sanyi. A 1966 suka sake haɗuwa a La Grande Vadrouille, aka sayi tikiti sama da miliyan 17 a Faransa. Sai da Titanic ya zo, bayan shekara 30 da ɗoriya, aka wuce wannan adadi.

Ya taɓa fitowa ba don dariya ba?

Sosai ma. Tun 1956 ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin finafinai na Venis da La Traversée de Paris. Amma ni a ganina Le Cercle rouge ne ya fi nuna ko shi wane ne: jami'in 'yan sanda mai ƙarancin magana, yana zaune shi kaɗai da kyanwoyinsa. Yana fama da cutar daji ta ɓargo aka ɗauki fim ɗin. Ya rasu ranar 23 ga Satumba 1970, yana da shekara 53, makonni kaɗan kafin a fara haska shi.