Waiwaye: Yadda labarin sace Persephone ya sauya kama a hannun masu fasaha

A cikin almarar Girkawa na zamanin da, wadda suka gina kan abubuwan bautarsu, akwai labarin wata budurwa mai suna Persephone, 'yar Zeus, sarkin abubuwan bautarsu, da Demeter, abar bautarsu ta noma, wadda Hades sarkin matattu ya ɗauke da ƙarfin tsiya zuwa ƙarƙashin ƙasa. Sama da shekara 2,500 ke nan mawaƙa da masu zane da masassaƙa suna komawa kan wannan labari, kuma duk wanda ya bi sawunsu zai ga cewa kowane zamani ya zaɓi wanda zai ba wa baki a ciki, ya kuma zaɓi wanda zai rufe wa baki.

Daɗaɗɗiyar siga mafi cika tana cikin wata waƙar yabo ga Demeter, mai layi 495, wadda masana ke ganin an tsara ta wajen ƙarni na 7 zuwa na 6 kafin Miladiyya. A cikinta, yarinyar tana tsinkar furanni da ƙawayenta sai ƙasa ta dare, Hades ya fito bisa karusarsa ya fizge ta tana kururuwa. Waƙar ta faɗa ƙarara cewa mahaifinta Zeus ne ya bayar da ita, ba tare da sanin uwarta ba, wato auren dole ne aka ƙulla tsakanin maza biyu. Daga nan waƙar ta bi uwar: kwana 9 tana yawo da fitilu a hannu, ba ci, ba wanka, har ta hana ƙasa fitar da tsiro, yunwa ta kusa shafe 'yan Adam. Dole Zeus ya sa aka dawo da 'yar, amma da yake Hades ya riga ya ba ta ƙwayar rumman ta ci, sai aka yanke cewa za ta riƙa yin kashi ɗaya cikin uku na kowace shekara a wurinsa. A kan wannan labari aka kafa bukukuwan asiri na garin Eleusis da ke kusa da Atina.

Girkawa sun kuma ɗauki labarin a matsayin hoton mutuwa, shi ya sa aka zana shi a kaburbura. A bangon wani kabarin sarauta na ƙarni na 4 kafin Miladiyya, wanda aka tono a Vergina da ke arewacin Girka a 1977, an nuna yarinyar ta miƙa hannuwa baya wajen ƙawarta, karusa kuwa ta riga ta tashi.

Babban sauyi ya zo ne daga Roma. Mawaƙi Ovid, a littafinsa Metamorphoses na wajen shekara ta 8 Miladiyya, ya mayar da wurin abin zuwa tsibirin Sisili, ya sa zaman yarinyar a ƙasa ya zama rabin shekara, sannan ya ɗora laifin kan kibiyar soyayya da aka harbi sarkin matattu da ita. Uban da ya bayar da 'ya a sigar farko, a nan sai ya koma mai sulhu, yana lallashin uwar cewa abin da ya faru so ne, kada ta ɗauke shi cin zarafi. Wannan siga ce ta mamaye Turai, domin tsohuwar waƙar Girka ta ɓace, sai a 1777 aka gano kwafinta guda ɗaya a birnin Mosko.

Saboda haka, lokacin da Gian Lorenzo Bernini ya sassaƙa mutum-mutumin nan na dutsen marmara tsakanin 1621 da 1622, yana ɗan shekara 23, bisa odar Kadinal Scipione Borghese, wani babban limamin cocin Katolika, daƙiƙar fizgewar kawai ya kama. Aikin yana gidan tarihi na Borghese a Roma har yau, kuma abin da masu ziyara suka fi yabawa shi ne yadda yatsun Hades suka nutse cikin cinyar yarinyar kamar tsoka ce ta gaske. Gwanintar ba ta da musu, amma ina ganin akwai abin damuwa a ce hawayen da ke kumatunta da hannun da take ture fuskarsa da shi sun zama abin kallo na biyu. Rembrandt, a zanensa na wajen 1631 da ke Balin, ya fi yi mata adalci, domin ya nuna ta tana yakushin fuskar mutumin, ƙawayenta kuma sun riƙe gefen rigarta ana jan su a ƙasa. A zanensa na 1874, Dante Gabriel Rossetti ya cire karusa da dawaki gaba ɗaya, ya bar ta ita kaɗai cikin duhu da rumman a hannu, matar da aure ya riga ya tsare.

A ƙarnin nan kuwa an karkata zuwa soyayya. Wasan waƙe na Hadestown, wanda ya ci lambobin yabo 8 na Tony, na wasannin dandamali, a Amurka a 2019, ya nuna Hades da Persephone a matsayin tsofaffin ma'aurata da zama ya yi wa tsami, kuma Demeter ba ta cikin 'yan wasa. Labarin zane na Lore Olympus, wanda ya fara fitowa a manhajar Webtoon a 2018, ya mayar da Hades masoyi mai tausayi, uwar kuma mai takurawa. Masu kare wannan salo suna cewa ya ba yarinyar zaɓin da ba ta taɓa samu ba, kuma hujjarsu tana da nauyi. Sai dai an sayi zaɓin nata da mutuncin uwarta, wadda a tsohuwar waƙar ita kaɗai ce ta ƙi yarda da cinikin, ta kuma tilasta wa Zeus ya janye wani ɓangare na hukuncinsa.