Fatsar ƙuda don kifin bas

Fatsar ƙuda hanya ce ta kamun kifi da ƙugiyar da aka yi wa ado da gashin tsuntsu da gashin dabba da zare, har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi ko kwaɗo. Da yake ƙugiyar ba ta da wani nauyi, igiyar ce ake yi da kauri da nauyi, ita ake wurgawa, ita kuma take jan ƙugiyar zuwa inda ake so. Wannan shi ne abin da ya raba ta da fatsar da aka saba, inda nauyin abin da ke bakin zare yake jan zaren.

Bas kifin ruwan daɗi ne na Arewacin Amurka, daga rukunin Micropterus, kuma iri biyu ne suka fi shahara a wurin masu wannan fatsa. Mai babban baki ya fi son tafki da ruwa mai ɗumi wanda ba ya gudu sosai, yana laɓewa a ƙarƙashin bado da ciyawar ruwa da kututturen da ya nutse. Mai ƙaramin baki kuwa ɗan kogi ne, yana son ruwa garau mai ɗan sanyi da duwatsu a ƙasa. An kai bas ƙasashe da dama, har da Afirka ta Kudu da Japan, inda a wurare da yawa ya zame wa kifayen asali annoba.

Mai koyo yakan fara da sanda mai tsawon ƙafa 9, mai lamba 6 zuwa 8. Lambar tana nuna nauyin igiyar da sandar za ta iya wurgawa, wanda ake aunawa a ƙafa 30 na farkon igiyar. Igiya mai yawo a saman ruwa, wadda nauyinta ya taru a gaba, ita ce ta fi dacewa, domin ƙugiyoyin bas manya ne, iska tana tare su. A bakinta ake ɗaura siririn zaren roba na kimanin ƙafa 7 zuwa 9.

Ƙugiyoyi kaɗan sun isa. Akwai Woolly Bugger, wadda ake dangantawa da Russell Blessing na jihar Pennsylvania ta Amurka a 1967, sai Clouser Minnow, wadda Bob Clouser ya ƙirƙira a 1987 domin bas mai ƙaramin baki na kogin Susquehanna. An ɗaura wa Clouser Minnow idanun ƙarfe biyu masu nauyi, su ke sa ta nutse da tsinin ƙugiya yana kallon sama, don haka ba ta cika maƙalewa a duwatsu ba. Amma wadda ta fi jan hankalin masu koyo ita ce ta saman ruwa, da ake yi da soso ko gashin barewa, mai lotsattsen baki. Idan ta faɗa kusa da bado, ana barin ta har da'irorin ruwan su lafa, sannan a fizgi igiya kaɗan da hannu ta yi ƙarar "ɓul", a sake dakatawa. Sau da yawa a cikin wannan dakatawar ne kifin yake tasowa ya cafke ta, kuma gaggawa a nan ita ce ta fi sa sabon shiga asarar kifi. Da ya kama, jan igiya da ƙarfi ne yake kafa ƙugiya a bakinsa mai tauri, ɗaga sanda kaɗai ba ya wadatarwa.

A lokacin zafi, asuba da gab da magariba ne suka fi albarka, domin da rana bas yakan koma zurfi ko inuwa. Idan ruwa ya fara ɗumi bayan hunturu, namiji yana share sheƙa a wuri marar zurfi ya tsare ƙwai, kuma cire shi daga kai yana barin ƙwan a hannun ƙananan kifaye. Saboda haka wasu jihohin Amurka suke taƙaita kamun a wannan lokaci. Kowace jiha tana da lasisin kamun kifi da ƙa'idojinta game da girma da yawan abin da aka yarda a tafi da shi gida, ko da yake masu fatsar ƙuda da yawa sukan danne ƙayar ƙugiya su mayar da kifin ruwa da ransa.