Waiwaye: Agogo biyu a cikin manhajar lissafi

Malamin lissafi da ke koyarwa a ƙauyukan Ringim ko Taura, in ya buɗe manhajar lissafi ta Maxima a tsohuwar laftof ɗinsa ya kunna showtime, wato zaɓin da ke nuna tsawon lokacin da aiki ya ɗauka, zai ga kowace amsa ta zo da lokaci iri biyu. Ɗaya shi ne lokacin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ɗauka tana aikin, ɗaya kuma lokacin da ka jira bisa agogon bango. Wannan rabuwa ta girmi laftof ɗin nesa ba kusa ba.

Maxima jikar Macsyma ce, wadda aka fara ginawa a jami'ar MIT ta Amurka a 1968. A shekarun 1970 tana aiki ne a kan babbar na'ura PDP-10, mutane da yawa na amfani da ita lokaci guda, wasu ma daga nesa ta hanyar ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da ta gabaci intanet. To, in amsarka ta yi jinkiri, laifin lissafinka ne ko na cunkoso? Kamar wurin injin niƙa ne ranar kasuwa: awa guda kana layi, amma gerenka minti biyar ya yi a cikin injin. Masana suka zaɓi ƙirga minti biyar ɗin, kuma sun yi daidai a zamaninsu, domin shi ne ke nuna ingancin dabarar lissafin.

Mathematica, wata manhajar lissafi da ta fito a 1988, ta gaji wannan al'ada da umarninta Timing. Sai a 2003 ta ƙara AbsoluteTiming mai bin agogon bango.

Daga baya lamarin ya juye. Kwamfutoci suka zo da ƙwaƙwalwa biyu, huɗu, takwas, suna raba aiki, har lokacin ƙwaƙwalwa in an tara shi ya kan zarce na bango. Ga kuma manhajojin da ke ajiye amsar da suka taɓa samu, sai ka maimaita tambaya ta fito nan take, ka zaci wani abin kirki ka yi. Maxima kuwa, da yake da harshen kwamfuta mai suna Lisp aka rubuta ta, takan dakata ta share ma'ajiyarta a tsakiyar aiki, awon ya kumbura ba gaira ba dalili.

A nan ƙauye akwai ƙarin matsala da mutanen MIT ba su sani ba. Da zarar an cire caji daga sola, yawancin laftof sukan rage gudun ƙwaƙwalwa don tattalin batir, kuma zafin watan Afrilu ma yakan sa su ja birki. Malamin da ya auna wata dabara da hantsi a jone da wuta, ya auna ta biyu da la'asar a kan batir, kusan na'ura biyu daban ya gwada, ko da wane agogo ya duba.