Binciken likita na farko ga wanda aka yi wa fyaɗe

Binciken likita na farko shi ne dubawar da likita ko ma'aikaciyar jinya ke yi wa wanda aka yi wa fyaɗe da zarar ya isa asibiti, domin a yi masa magani, a kuma tattara shaidar da kotu za ta iya aiki da ita. Yawancin masu zuwa mata ne da yara, amma ana duba maza ma. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2003 sun sa lafiyar mutum gaba da neman shaida, kuma ba a taɓa jikinsa sai da yardarsa.

Tarihi

Kafin shekarun 1970 babu tsayayyen tsari a asibitocin Amurka: ana iya yanka tufafin mace a zubar, ko a wanke ta kafin a ɗauki komai, sai ƙara ta rushe a kotu don rashin hujja. A birnin Chicago, wata mai fafutukar kare mata, Martha Goddard, ta tsara akwatin tattara shaida mai ɗauke da tsinken auduga, mataji, ambulan da takardun cikewa. Ta kai shawarar ga Louis Vitullo na ɗakin binciken 'yan sandan birnin, aka fara amfani da akwatin a asibitocin yankin a 1978. Sunan Vitullo aka laƙaba masa, nata kuwa ya ɓace shekaru masu yawa kafin a waiwaye shi.

A daidai wannan lokaci aka fara horar da ma'aikatan jinya na musamman kan aikin, a Memphis wajajen 1976, sannan Minneapolis shekara guda bayan haka. Gano hanyar tantance mutum ta ƙwayoyin halittar DNA da Alec Jeffreys ya yi a Jami'ar Leicester a 1984 ya ƙara wa abin da ake tattarawa daraja ƙwarai, domin ɗigon maniyyi ko yawu na iya nuna mai laifi, ko ya wanke wanda aka zarga. Ingila ta buɗe cibiyarta ta farko ta kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a asibitin St Mary's da ke Manchester a 1986, Afirka ta Kudu ta bi da cibiyoyin Thuthuzela tun wajajen 2000.

Yadda ake yi

Ana fara da raunin da ke barazana ga rai, sannan a saurari bayani a keɓe, a rubuta shi da kalmomin mai bayarwa. Daga nan a duba jiki daga kai zuwa ƙafa, a zana wuraren rauni a takarda, a ɗauki samfur daga baki, farce, fata da al'aura. Samfurin sai ya bushe kafin a rufe shi cikin ambulan na takarda, don leda tana riƙe danshi ta lalata shi, kuma duk hannun da ya karɓa sai ya sa hannu da kwanan wata.

Lokaci yana da nauyi a nan. Maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har kwana 5. Ana kuma ba da maganin cututtukan da ake ɗauka ta jima'i da rigakafin ciwon hanta nau'in B. Wanka ko sauya tufafi yana rage shaida, amma ba ya hana a duba mutum.

Rashin rauni a al'aura ba ya nuna cewa ba a yi fyaɗe ba, kuma yanke hukunci aikin alƙali ne, ba na likita ba.

Gwajin budurci

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gwajin budurci, wato duba al'aurar mace don a gane ko ta taɓa yin jima'i, ba shi da tushe a kimiyya, ta nemi a daina. Kotun Ƙolin Indiya ta haramta shi a shari'ar fyaɗe. Har yanzu ana yin sa a wasu ƙasashe.

A Nijeriya

Cibiyar Mirabel da ke asibitin koyarwa na Ikeja a Legas, wadda aka buɗe a 2013, ita ce cibiya ta farko ta kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a ƙasar. A arewa akwai Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, da cibiyoyin Salama a Jihar Kaduna.