Waiwaye kan inshorar laima ta masu gidaje a Amurka

Inshorar da Amurkawa suka laƙaba wa sunan laima ba ta biyan hasarar gobara ko ambaliya. Aikinta shi ne biyan ragowar diyyar da aka ɗora wa mai gida saboda rauni ko hasarar da ta sami wani, idan kuɗin da inshorarsa ta asali ta ɗauki alkawarin biya sun ƙare. Daga kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan ta samo asali a ƙarshen shekarun 1940, kuma manyan kamfanoni aka fara sayar wa kafin ta kai ga magidanta.

Kotuna ne suka share mata hanya. A tsohuwar dokar da Amurka ta gada daga Ingila, nauyin da ke wuyan mai gida bai taka kara ya karya ba, musamman idan ya riga ya ba da gidan haya. A 1968 kotun ƙolin Kalifoniya ta saurari ƙarar wani baƙo da mariƙin famfon banɗaki ya fashe masa a hannu ya yanke masa jijiyoyi, alhali mai masaukinsa ta san mariƙin ya tsage, ba ta kuwa gargaɗe shi ba. A wannan shari'a ta Rowland da Christian, kotun ta yi watsi da bambancin da ake yi tsakanin masu shiga gida, wato wanda ya zo harka, mai ziyara da mai kutse, ta ce wajibi ne wanda ke riƙe da gida ya kiyaye lafiyar duk wanda ya shigo gwargwadon hankali. Bayan shekara biyu, a 1970, kotun ɗaukaka ƙara a birnin Washinton ta ɗora alhaki kan wani kamfanin gidajen haya saboda harin da aka kai wa wata 'yar haya a hanyar wucewa ta cikin benen, domin kamfanin ya sassauta tsaron da ta tarar sa'ad da ta kama hayar.

A ganina waɗannan hukunce-hukunce sun yi daidai, don wanda ke karɓar kuɗin haya shi ya fi dacewa ya gyara matakalar da ta ruɓe. Sai dai sun bar masu gidaje da babban giɓi, saboda inshorar gida ta yau da kullum takan tsaya ne a diyyar dala dubu 100 zuwa dubu 300, alhali jinyar wanda ya karye a ƙashin baya tana iya haura miliyan, kuma abin da ya rage daga dukiyar mai gidan za a cire shi.

Wannan giɓi ne laimar ke cikewa. Ana sayar da ita daga dala miliyan 1 zuwa sama, kuma yawancin kamfanoni kan gindaya sharaɗin cewa inshorar gida ta asali ta kai dala dubu 300. Ba ta biyan ɓarnar da aka yi da gangan, sannan wanda gidajen hayarsa suka yi yawa, ko ya yi musu rajista da sunan kamfani, galibi sai ya sayi laima irin ta 'yan kasuwa.